Kwaɗon Rumbun Shamsuddin

A ƙauyenmu, kan tudun duwatsun da ke kusa da Allakaye, akwai wani mutum da ake kira Ango. Ya daɗe da wuce shekarun angonci, amma sunan ya bi shi har furfura. Ƙafarsa ta hagu ta shanye tun yana yaro, shi ya sa bai taɓa fita cin rani ba. Idan aka gama girbi maza suka watse, wasu Abijan, wasu Legas, wasu Libiya, sai a bar shi da mata da tsofaffi da kwaɗunansa.

Kwaɗunan kulle ƙofa nake nufi. Yana da su cike da wata tsohuwar tukunya. Duk ranar kasuwar Buza zai zaga wurin masu tsofaffin ƙarafa, ya tsinci waɗanda makullansu suka ɓace, ya dawo da su gida yana murna. Ba gyara su yake ya sayar ba. Buɗe su kawai yake, ya rufe, ya sake buɗewa. Kayan aikinsa siraran wayoyi ne guda biyu na ƙafar keke, waɗanda ya dandatsa a kan dutse. Ɗaya ya lanƙwasa ta yana murɗa bakin kwaɗon da ita a hankali, ɗayar kuma yana lalube da ita a ciki. Idan yana yi yakan rufe ido. Na sha zama kusa da shi a inuwar aduwa ina kallo. Yakan ce kowane kwaɗo da halinsa. Akwai mai buɗewa kamar hamma, akwai mai gardama kamar jakin da ya ga ruwa, akwai wanda sai ka rabu da shi ka sha fura ka dawo sannan ya yarda.

Mutane suna tsokanarsa. Sun sa masa suna ɓarawon da bai taɓa sata ba. Shi kuwa sai ya yi dariya. Abu guda ne bai wasa da shi: bai taɓa kai wayarsa ga kwaɗon da ke rataye jikin ƙofa ba. Ko mutum ya zo ya ce makullinsa ne ya faɗa rijiya, sai Ango ya ce a je a nemo guduma a fasa a gaban jama'a. Ya ce kwaɗon da ke cikin tukunya abin wasa ne, wanda ke jikin ƙofa kuwa maganar mai ƙofar ce, shi bai da hurumin warware ta.

Yana da ɗiyar ƙanwa, Karima, wadda aka auro daga Tabotaki. Mijinta Shamsuddin ya tafi Libiya bayan girbi. Kafin ya tafi ya yi abin da magidanta ke yi. Ya fitar mata da hatsin da ya ga zai kai ta ita da ƴaƴanta uku har faɗuwar ruwa, ya shafe bakin rumbun na sama da laka, ya sa kwaɗo a ƴar ƙofar kwanon da ke gefe, ya jefa makullin a aljihu. Abin da ya rage a ciki na damina ne, lokacin da za a yi noma da ƙarfi.

A wurinmu mace ba ta leƙa rumbun mijinta. Ko da an bar shi buɗe ba ta leƙawa. Rumbun matafiyi kuwa mutum biyu ne ke buɗe shi: shi kansa idan ya dawo, ko masu rabon gado.

Da farko Shamsuddin yana kira daga hanya. Ya kira daga Tawa, ya kira daga Agadas, ya ce gobe za su shiga hamada. Daga nan shiru. Sanyi ya wuce, zafi ya shigo. Aka ji labarin wata mota da ta lalace a cikin rairayi da mutane, amma babu wanda ya san ko yana ciki. Waɗanda suka tafi tare da shi daga wasu ƙauyuka, wani ya ce ya gan shi a Sabha, can cikin Libiya, wani ya ce ba shi ba ne. Ruwa ya yi jinkiri a shekarar. Hatsin Karima ya ƙare tun gajimare bai fara haɗuwa ba.

Ta sayar da akuyarta. Ta shiga daji tare da sauran mata suna ɗibar anza, su jiƙa ta kwana da kwanaki har ɗacin ya ragu. Ƙanen mijin, Abdurrazak, yana miƙo ɗan abin da ya samu, amma shi ma bakuna ne cike da gidansa. Rumbun kuwa yana nan tsakiyar gida, ƙato, zaune a kan duwatsunsa da hular ciyawa a ka, yaran suna wasa a inuwarsa.

Wata rana da hantsi Karima ta zo gidan Ango da ƙaramar ƴarta Husna a goye. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta daɗe tana kallon tukunyar.

"Kawu, na zo da magana."

"In dai ba aure za ki yi mini ba, faɗi."

Ba ta yi dariya ba. Ta kwance goyon, ta zaunar da yarinyar a kan tabarma, ta danna babban yatsanta a bayan ƙafar Husna ta ɗauke. Wurin ya lotsa, ya tsaya a lotse. Gashin yarinyar ya yi ja ya yi laushi kamar na ɗan akuya sabon haihuwa.

"Na kai ta wurin likita a Allakaye," in ji Karima. "Sun ba ni ƴan ledoji na abin nan mai kama da tunkuza. Manyan suna kallonta tana ci, Kawu. In na juya baya sai in tarar sun raba. Mi zan ce musu?"

Ta matso kusa da shi ta rage murya.

"In anka fasa kwaɗon, gari duka zai ji. Kai kuwa kana buɗewa ka rufe, ko shi kwaɗon ba zai sani ba. Dami biyu kaɗai. In baban su Husna ya dawo ni zan gaya mishi da bakina, ya yi mini abin da ya ga dama."

"Ba ni taɓa na jikin ƙofa, ɗiyata. Kin sani."

"Na sani. Shi ya sa ban zo ba tun da wuri."

Ya ce ta ba shi lokaci, zai bi ta hanyar da ta dace. Ya ɗebo mata ɗan garin da ke gare shi a ƙwarya, ta ɗauki yarinyar ta tafi.

Hanyar da ta dace ita ce Cima, uwar Shamsuddin. Tsohuwa ce doguwa, busasshiya, idonta ɗaya ya yi fari. Ɗakinta yana fuskantar rumbun. Shamsuddin ɗanta ne na fari, saboda haka ba ta taɓa kiran sunansa ba tun da ta haife shi, kamar yadda kunya ta tanada. Da yana gida takan ce "wancan", da ya tafi ta koma cewa "mai tafiya". Tun da kiransa ya ɗauke ta ɗauki wata ɗabi'a. Kullum da yamma, bayan ta yi alwala, sai ta je ta kama kwaɗon nan ta ɗan ja shi, ta ji yana riƙe, ta koma ta zauna.

Ango ya same ta tana tsince tsakuwa daga cikin wake a faifai.

"A'a, ɓarawon da bai taɓa sata ba," in ji ta. "Yau mi munka yi? Ɗakina ba kwaɗo, sai dai ka buɗe ni ni kaina."

"Ke ai kin yi tsatsa, Cima, waya ba ta shigarki."

Suka yi dariya, suka gaisa, suka yi maganar ruwan da ya ƙi zuwa. Sannan ya kawo zancen yarinyar da ƙafafunta. Ya ce hatsi na nan, jikoki na nan, a kira liman da Abdurrazak a buɗe a gaban kowa, a ɗebi na ci a mayar.

Cima ta ajiye faifan.

"Gaisuwar mutuwa ka zo yi mini, Ango?"

"Subhanallahi. Wa ya yi maganar mutuwa?"

"Wa ka taɓa gani anka tara liman anka buɗe rumbunshi shina da rai? Makullin na aljihunshi. Shina tahe. In ya iso ya tarar uwa tai ta buɗe mishi rumbu, mi zai ce? Ya ce na gaji da jira, na binne shi?"

"Yaran fa?"

"Mun ga yunwar da ta fi wagga. Mun ci anza, mun ci ganyen jiga, ga mu nan. Ruwa na zuwa, tafasa za ta fito."

Ango ya je wa Abdurrazak da maganar. Abdurrazak ya sunkuyar da kai ya ce shi ƙane ne, ba zai ƙetare uwarsa ya sa hannu a rumbun wansa ba. A ƙara haƙuri, wataƙila labari ya zo.

Labari bai zo ba. Ango ya koma gida ya zauna da tukunyarsa, amma hannunsa ya ƙi. Ya ɗauki kwaɗon da ya saba buɗewa kamar wasa, ya yi ta lalube bai ji komai ba. Na tarar da shi a haka, ya tambaye ni ko na taɓa lura rumbunan ƙauyen sun fi mutanen ƙauyen ƙiba.

Ranar da aka yi suna a unguwar gabas, Cima da yawancin matan gidan suka tafi tun da safe. Rana ta take, gari ya yi tsit, ko kaji sun shige ƙarƙashin rumbuna. Ango ya jawo ƙafarsa ya shiga gidan Shamsuddin. Karima ta tura manyan yaran ɗiban ruwa.

Kwaɗon ƙarami ne, ruwan tagulla, irin na kasuwa. Yana da ire-irensa a tukunya. Amma wannan ya sha rana da ƙura a jikin ƙofa, ƙarfen ya yi zafi har sai da ya naɗe shi da bakin rigarsa. Ya durƙusa a kan ƙafarsa mai lafiya, ya yi bisimilla, ya sa wayoyin, ya rufe ido.

Cikin kwaɗo akwai ƴan ƙananan ƙusoshi a jere, kowace da inda take son tsayawa. Aikin mai waya shi ne ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya har kowace ta zauna wurinta. Na farko sun ba shi haɗin kai. Ta can ƙarshe ce ta ƙi motsi, yashi ya cushe ta. Da a inuwar aduwa yake, da ya ajiye shi, ya ɗiga masa man gyaɗa, ya bari sai gobe. A nan babu gobe. Karima na tsaye a bayansa tana leƙen ƙofar gida, yana jin numfashinta. Ya ƙara ƙarfi kaɗan. Ya ƙara.

Kwaɗon ya buɗe. Amma tare da ƙarar buɗewar ya ji wata ƙara ƴar mitsitsiya wadda bai so ba. Da ya zaro wayar sai ya ga bakinta ya gutsure, guntun ya zauna a ciki.

Ya dunƙule wayar a hannunsa. Ya ja ƴar ƙofar. Ƙamshin gero ya fito, mai sanyi, kamar daga wata shekara. Karima ta tsaya. Ko a lokacin ba ta leƙa ba. Ta kawar da fuskarta gefe, ta zura hannu har kafaɗa, ta laluba ta jawo dami ɗaya, ta sake jawo wani. Geron lafiya lau, zangarniyoyi cike, ko ƙwaro bai taɓa ba. Ta rungume su ta kai ɗaki da gudu.

Ango ya mayar da ƙofar, ya rataya kwaɗon, ya danna. Bai kama ba. Ya sake dannawa, hancin ya shiga ya fito. Ya girgiza shi, ya buga shi a tafin hannu, ya hura, ya sa ɗayar wayar yana neman guntun. Zufa ta cika masa ido.

"Kawu, rufe mana."

"Ya ƙi."

"Kamar yaya ya ƙi? Ba ka ce—"

"Ban ce komi ba, ke kika ce. Waya ta karye a ciki."

Ta dafe bango. Can ta ce, "Kana da irinshi a gida. Ɗauko wani."

Ya yi tunanin haka. Amma Cima ta san wannan kwaɗon a hannunta fiye da yadda ta san carbinta, akwai ɗan lotsawa a gindinsa inda yatsanta ke zama. Kuma wani abu ya tsaya wa Ango a rai: idan ya sa nasa, ranar da Shamsuddin ya dawo ya fito da makullinsa a gaban ƴaƴansa, rumbunsa ba zai buɗe masa ba.

Daga nesa suka ji guɗar matan suna, an fara watsewa. Ya tura hancin kwaɗon ciki iyakar yadda zai shiga, ya jingina shi da ƙofar yadda mai kallo zai ce a rufe yake. Ya ce gobe zai dawo da mai da allura. Ya fita.

Karima ba ta iya jira ba. Ta sussuke ƴan zangarniyoyi a cikin ɗaki, ta niƙa a dutse don kada a ji ƙarar turmi, ta dama kunu. Yaran suka sha har suna lasar ƙwarya.

Da yamma Cima ta yi alwala, ta nufi rumbun kamar kullum. Ango yana zaune a dakalin masallaci da ke bayan katangar gidan, ya kasa tafiya gida. Ni ma ina wurin. Ba mu ga abin da ya faru ba, daga baya matan suka faɗa. Ta kama kwaɗon ta ɗan ja, sai ya zame ya zauna a tafin hannunta, buɗe, ba karaya, ba alamar guduma. Ta daɗe tana dubansa da idonta mai gani.

Abin da muka ji shi ne muryarta.

"Shamsuddin! Wayyo Shamsuddin! Ɗana ya saki makulli!"

Duk wanda ke dakalin ya miƙe. Babu wanda ya taɓa jin sunan nan a bakinta. Wani tsoho kusa da ni ya fara salati. Mata suka yi ta kwararowa cikin gidan, kuka ya tashi tun ba a san abin da aka ji ba. Cima na zaune a ƙasa, ƙafafu miƙe, kwaɗon a cinyarta, tana cewa ya buɗe da kansa, mai shi ya tafi, Allah ya nuna mata. Liman yana ta cewa a yi haƙuri, ba a yanke mutuwa da irin wannan, amma muryarsa ba ta kai ko'ina ba.

Da Karima ta yi shiru, wataƙila da maganar ta tafi a haka. Tana tsaye a ƙofar ɗakinta. Sai manyan yaran biyu suka fahimci abin da ake cewa. Babbar ta faɗi ƙasa tana birgima tana kiran babanta, ɗayan ya ƙanƙame zanen uwar yana tambaya ko gaskiya ne.

Karima ta ratsa matan ta zo gaban surukarta ta durƙusa.

"Inna, ki bar kuka. Ba shi ya saki ba. Ni na sa anka buɗe."

Kukan ya yanke daga gaba zuwa baya, kamar ruwan da ke ɗaukewa.

Ango ya riga ya iso tsakar gidan yana jan ƙafa. Ya ce, "Hannuna ne. Ni na buɗe, ni na lalata shi. Ita yarinya ce, ni ne babba."

"Ai mun sani," in ji Abdurrazak. "Wa ke gare mu in ba kai ba?"

Cima ba ta dubi Ango ba. Karima take kallo. Ta yi magana a hankali, har sai da mutane suka matso.

"Kin sa na kira sunanshi. Kin sa na yi mishi kukan mutuwa da bakina, shina can bisa hanya. In wani abu ya same shi yanzu, wa ya jawo?"

"Inna, yaran—"

"Ki tahi gidanku. In ya dawo ya ga zai iya zama da ke, ya je ya ɗauko ki."

Liman ya sa baki, Ango ya roƙa har ya cire hula. Abdurrazak, wanda a da bai wuce ƙofar Karima ba tare da ya tsokane ta kan miyarta ba, ya tsaya yana kallon ƙasa. Da aka matsa masa ya ce maganar uwarsa ce. Amma ya ƙara da cewa abin da ya buɗe ya buɗe, ba za a mayar da hatsi a kulle yara na kallo ba. Shi zai riƙa ɗebowa kullum ya ba Cima ta dafa musu. Yaran na gidan ubansu ne, nan za su zauna, har Husna, tunda an yaye ta. Cima ba ta ce a'a ba.

Ranar kasuwa Ango ya raka Karima bakin hanya inda kamyo, babbar motar kaya, ke tsayawa. Kayanta ƙulli ɗaya ne. A hanya mutanen da suka saba tsokanarsa suka gaishe shi a taƙaice, wata mata ta ja ƙofar shagonta ta tsaya a gaba har suka wuce. Da suka bi ta bayan gidan Shamsuddin sun ji ƙarar turmi daga ciki, da ƙarfi, ba ɓoyo. Hayaƙi na tashi. Karima ta rage tafiya, ba ta tsaya ba.

"Ki yafe mini," in ji Ango. "Da na bari na sa mishi mai."

"Da ka bari, da yau ma anza za su ci."

Kamyon ya iso cike da buhunan albasa da mutane a sama. Yaron mota ya karɓi ƙullin ya cilla. Ta sa ƙafa a kan taya, sannan ta juyo.

"Kawu, ka gaya ma Inna kada ta cika ma ƙaramar ciki da tuwo lokaci guda. Kunu tukuna, kaɗan-kaɗan. Kuma ba ta barci sai an riƙe mata kunne. In ni na faɗa ba za ta ji ba."

"Ni ma ba ta amsa gaisuwata."

"To ka faɗa da ƙarfi daga bayan katanga."

Aka miƙo mata hannu daga sama, ta hau. Motar ta gangara cikin duwatsu ta nufi Tabotaki. Ango ya juya ya kama hanyar gidan Cima, yana maimaita saƙon a bakinsa don kada ya manta.